Kuna Ji Na?

Tun da aka ce mu riƙa aiki daga gida, zumuncinmu da abokan aiki ya koma Zoom. Taron minti 30 ne, amma 20 a gaisuwa suke ƙarewa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, sai kuma "kuna ji na?" Daga sama kaftani da hula, an sha guga; daga ƙasa kuwa, Allah ya rufa asiri. Jiya oga na tsaka da faɗa zakaransa ya yi cara, muka rasa wa za mu saurara.

Duk wannan da sauƙi. Ƙosan da akawunmu ya saba kawo mana ofis, yanzu hotonsa yake turowa a WhatsApp. Malam, a ji tsoron Allah.