Masu Sauke Manhaja a Tina Junction

In kana son sanin halin mai koyon rubuta manhaja, dubi yadda yake sauke aikin wasu daga GitHub. A shagunan caji da ke Tina Junction a Jos, inda samari ke zama da laftof a cinya da hular sanyi a ka, babu irin da ba a samu. Na gaba-gaba shi ne Mai Zif. Shi da Git sai gaisuwa daga nesa: ya latsa maɓalli, ƙunshin fayiloli ya sauko, shi ke nan. Ranar da masu aikin suka gyara layi ɗaya, sai ya sake sauke komai. Buɗe kwamfutarsa ka sha kallo: folda mai suna "aiki", ga "aiki-sabo", ga "aiki-na-ƙarshe", ga kuma "aiki-na-ƙarshe-wallahi". Ƙaninsa Mai Filashi ko datar ma ba ya saya, daga wurin aboki yake kwafa, abokin kuwa shi ma bara ya kwafa.

Matsalar su biyun guda ce. Lokacin da Linus Torvalds ya ƙirƙiri Git a 2005 domin aikin Linux, ya tsara shi ne yadda duk wanda ya rubuta git clone zai samu fayilolin tare da tarihinsu: wa ya canza me, yaushe, da wane dalili. Zif ba ya zuwa da wannan, kamar sayen fili ne babu takarda. Sai dai kada masu clone su yi saurin dariya. A cikinsu akwai Kwashi-Kwaraf, wanda zai jawo tushen Linux gaba ɗaya, gigabait kan gigabait, ya ƙarar da datar wata, bai taɓa buɗe fayil ɗaya ba. Akwai Sarkin Shara, wanda da gyaransa ya ci karo da na wani sai ya goge foldar ya sake saukewa, ya ce ai ya warware. Shi kuwa Malam Reshe ya rantse manhajar ba ta aiki, alhali reshen aikin da ya sauke daban ne da wanda ake magana a kai.

Mai Zif yana da hujja, kuma ba ta banza ba ce: data da tsada, wuta ba tabbas, kuma clone idan ya yanke a tsakiya daga farko ake komawa. Gaskiya ne. Amma akwai umarnin git clone --depth 1 da ke kawo sigar ƙarshe kaɗai ba tare da tsohon tarihi ba, daga nan kuma git pull sabon canji kawai yake jawowa. Mai ƙorafin tsada shi ne ke biya sau biyar a kan kaya ɗaya. Wanda kallo ɗaya zai yi wa manhaja ya wuce, zif ya ishe shi, ba wanda zai tuhume shi. Amma ɗan'uwa, in kana da niyyar taɓa layi ko ɗaya a ciki, koyi clone da pull tun yau.