Allah Ya Ja Zamanin Muzuru

Gaishe ka muzuru, angon da ba ya biyan sadaki! Duk wanda ya kwana a tsakar gida da bazara, a Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi, ya san ƙwazonka. An kawo ku biyu, kai da ɗan'uwanka, domin ɓerayen da ke ɓarnar masara a rumbu. Da yake ku masu tausayi ne, kun bar ɓeraye sun ci gaba da neman abincinsu, kuka mai da hankali kan kyanwa ɗaya tilo da ke gidan.

Kuma kulawar ba ta wasa ba ce. In ta nufi kwanon abinci, kun riga ta, don kada ƙiba ta dame ta. In ta haye katanga, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Dubi ƙeyarta: gashin ya tsige, sawun haƙora a jere, shaidar ƙauna ke nan. Ƙarar da take ƙwallawa da tsakar dare kuwa, likitocin dabbobi sun ce ƙananan ƙayoyin da ke gaban muzuru ne ke jawo ta, amma wa zai saurari likita alhali maigida ya riga ya yanke hukunci cewa shagwaɓa ce? Ga kuma turaren da kuke fesa wa buhunan hatsi da tabarmar zaure, kyauta.

Sai dai yabo na gaskiya na maigidan ne. Mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai. An ce masa ya kai muzuran asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, a dandaƙe su, faɗa da fitsari su ragu. Ya ce subhanallahi, shi ba zai zalunci dabba ba. Bunsurunsa kam ya mai da shi taure tun bara, don ya yi kitse ya yi kuɗi a kasuwar Makarfi, amma wannan ai kasuwanci ne. An ce to ya ware wa kyanwar ɗaki da kwanonta, a rufe ta kwanakin da take neman namiji. Ya ce gidansa ba masauki ba ne.

Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa da yunwa, a bakinsa yake. Shi ya sa bai taɓa tsare tasa ba. Ya sake ta, muzurai su tsare masa ita.

Albarkar ma ba ta tsaya nan ba. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya ɗauka tun ba ta cika wata 6 ba, ta haihu sau biyu ko uku a shekara, ciki guda ma ana iya samun uban kowane ɗa daban. Arziki ya yi yawa, sai a ɗura jariran a buhun taki, a ba yara su kai gonar rake ta bayan gari, inda shaho da karnuka za su ɗauki nauyin renonsu.

Akwai wani maƙwabcinsa, wai shi ɗan boko, da ya kashe kuɗin mota har Zariya aka yi wa nasa muzurun aiki. Yanzu gidansa tsit, kyanwarsa ta yi ɓul-ɓul, iyalinsa na barci har asuba. Allah dai ya shirye shi.