Ayarin Bazara a Bakin Kusugu

Bazara ba lokacin yawon buɗe ido ba ne, amma Bahaushe in ya ɗaura niyya, rana ba ta mayar da shi gida. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, sai ka ga bas ta taso daga Kano, ta ratsa Kazaure, ta juye mutane a Daura da tsakar rana, kowa ya jiƙe sharkaf. Rijiyar Kusugu suka zo gani, kuma kowa da irin nasa kallon.

Na farko Malam Na-sani. Tun a mota ya buɗe aji, ba wanda ya samu ya rintsa. Mai kula da rijiya na cikin bayanin yadda macijin nan, Sarki, yake hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya fille masa kai ya auri Daurama, sai Malam ya ɗaga hannu: "A'a, ɗan'uwa, ba haka yake a littafi ba." Wane littafi? Sunan ya kwanta masa. A ce to ya lissafo Hausa Bakwai, sai ya kama yatsu: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano. Nan zai cije, ya dubi sama, ya goge gumi. Biram ta ɓace masa, sai ya cike gurbin da ƙauyensu.

Sai Hajiya Mai-jarka. Ita tarihi bai dame ta ba, ruwan ta zo ɗiba. Jarka ɗaya ta maƙwabciya mai ciwon ƙafa, ɗaya ta jika mai jarrabawa, ƙaramar gora kuma ta kishiya, don kada a ce ba ta yi zumunci ba. A hanyar komawa ƙishirwa za ta kama jama'a, a roƙe ta kurɓi ɗaya, ta ce, "Haba 'ya'yan nan, wannan ai na magani ne!"

Ga Ɗan-hoto. Shi bai leƙa rijiyar ba ko sau ɗaya, domin baya ya juya mata yana gyara hula. Ya ɗauka a ƙofar fada, ya ɗauka da dogari, ya ɗauka da raƙumin da ba ruwansa. Zafi na bugun wayar ta ɗauke, shi ke nan, Daura ta ƙare masa. Sauran yinin wurin mai caji zai yi shi.

Akwai kuma Sarkin Inuwa. Ana saukowa ya hango darbejiya, ya shimfiɗa ɗankwalin wata, ya aika a sayo masa fura da nono mai ƙanƙara. Duk wanda ya dawo sai ya tare shi: "Yaya, akwai ruwa a ciki?" Abin haushi, in an koma gida shi zai fi kowa ba da labari, har da zurfin rijiyar.

Kada a manta da Alhaji Ai-a-Dubai. Komai aka nuna masa sai ya taɓe baki: "Da a Dubai ne, da tuni an sa na'urar sanyi." Sau ɗaya ya taɓa ratsawa ta can, shi ma a filin jirgi ya kwana.

Ma'ajin tafiya kuwa biro na maƙale a kunne, yana rubuta kuɗin kowace ledar ruwa. Tukuicin mai bayani ne kawai yake mantawa, kuma da gangan.

Na ƙarshe direba, wanda ya zo Daura ya fi a ƙirga, bai taɓa taka bakin Kusugu ba. Yana can ya ɗage murfin inji yana ɗura wa lagireto ruwa, yana danna oda: "Jama'a, a yi haramar tafiya, kada dare ya yi mana!" Alhali ko la'asar ba a kira ba.

Mai karatu, in za ka je, bari sai hunturu, ko ka daidaita da Sallar Gani ka ga hawan dawaki. In kuwa lallai sai bazara, yi sammako, riƙe lema, kuma nemi kujera nesa da Malam Na-sani.