Sulusin Tunkiyar Anti

An ba da hutu, kuma kamar yadda makarantun kuɗi suka saba, sun sallami yara sun ɗaure iyaye. A makon nan autarmu, wadda ko famfara ba ta yi ba, ta dawo da ƙunshin aikin hutu da sai da yayanta ya kama mata. Kafin a kwance ƙunshin, saƙon Anti, malamarsu, ya riga ya sauka a zauren iyaye na WhatsApp: taken hutun bana tunkiya ce. Lissafi da tunkiya, waƙa da tunkiya, zane da tunkiya. Ta rufe da fatan iyaye za su ba da haɗin kai. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin zango ya san wanda zai kwana yana haɗin kan nan.

Ni ban ƙi tunkiya ba. Wadda aka buga a takardar ce ta tsaya mini a rai. Na sha shiga kara, ta Wudil ranar Juma'a da ta Maigatari ranar Alhamis. Na san Balami fara sol mai lanƙwasasshen hanci, na san Uda mai dogayen kunnuwa, na san 'yar ƙasa mai baƙi a kewayen ido. Wannan kuwa curin auduga ce aka soka wa tsinke huɗu. Ba igiya a wuyanta, ba turke, ba kaska, ba alamar ta taɓa cin leda a bola. Kuma murmushi take yi. Dabbar da ta san akwai Zulhajji a cikin watanni ba ta irin wannan murmushin.

Tambayar farko ta ce a shafa wa sulusin tunkiyar launi. Anti ta ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ta yanka ta gida uku: ɓangaren kai, ɓangaren ciki, ɓangaren bindi. Yarinya ta ɗauki jan fensir ta shafe kai. Hajiya Kaka, da ke gefe tana jan carbi, ta miƙa hannu aka ba ta takardar, ta kai ta kusa da ido ta ce, "Wace azzaluma ce ta yi wannan rabon? Ɗaya ya tafi da cinyoyi biyu, ɗaya ya tafi da hanta da haƙarƙari, marainiyar Allah a bar ta da kai? Ɗan nan, je ka tambayo."

Umarnin uwa ne, na ɗauki takarda na nufi mahaucin unguwarmu. Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, sulusin nan da fata ne ko an feɗe?"

Na ce Anti ba ta faɗa ba.

"To kayan ciki fa, suna cikin lissafi? Don in suna ciki, tumbi daban, hanta daban, wanda ya samu huhu ba zai yarda ya yi daidai da mai ƙoda ba. Kai da ƙafa kuma ba a sa su a kashi, na matan gida ne, langaɓu za a yi. Wuya na wanda ya yanka. In ta suna ce, wanzami da ungozoma kowa na jiran nasa. In ta layya ce, masu karɓar fatu suna ƙofar gida tun kafin jini ya bushe. Cire duk waɗannan tukuna, abin da ya rage shi ake cewa kashi uku. Wannan malamar ta taɓa riƙe wuƙa kuwa?"

Mutum biyu da suka zo sayen tsoka suka sa baki. Ɗaya ya ce a auna a sikeli. Ɗayan ya ce sikeli ba ya bambanta ƙashi da nama, a kasa a ƙasa kamar yadda ake yi a watanda, a kira yaro ya juya baya ya riƙa faɗin sunan mai kowane kashi. Ana cikin haka mahaucin ya juya takardar ya ci karo da tambaya ta biyu: tumaki biyar, a raba wa yara biyu daidai wa daida. A ƙasa, inda Anti ta manta ba ta goge amsa ba, an rubuta biyu da rabi.

Dariya ta hana shi sara. Rabin tunkiya! Wanne rabin za a ba Audu ya ɗaure a turke? In na gaba ne, kullum yana sayen dusa da harawa, ba ya ganin ko taki. In na baya ne, shi ke da taki da nono da 'ya'ya, ɗan'uwansa ke ciyarwa. Wannan rabon ko a gaban alƙali sai an ɗaga zama. A ƙauye kowa ya san yadda ake yi: ko a kai ta biyar ɗin kasuwa a raba kuɗi, ko a bar ta a hannun gwaggo ta yi kiwo, in ta haihu a sake zama. Yaron da ya ba da wannan amsar jan biro zai sha.

Kuma in rabin tunkiya ake son nuna wa yaro, me ya kai mu buga hoto? Uda tana nan tana yawo a layi, gabanta baƙi ko ja, bayanta fari, iyakar a tsakiyar cikinta. Ubangiji ya riga ya shafa launin. Sai dai Uda ba ta zo daga intanet ba, don haka ba ta cancanci shiga aji mai fanka ba.

Hajiya Kaka ba ta taɓa zama a benci ba. Amma tambaye ta tumunin takaba. Nan take za ta gaya maka matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba, kuma in su huɗu ne tumunin nan ɗaya za su raba, kowace ta tashi da ɗaya bisa 32. Ba ta neman fensir, kuma ba ta kuskure ko da na kwabo, musamman in kason kishiya ake lissafawa. Makiyayin da bai san harafin boko ko ɗaya ba ya san tumaki 40 ake fitar wa guda a zakka, sai sun kai 121 a ba da biyu, 201 a ba da uku. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, tumuni, ushiri, duk suna bakin mutanen gidan nan tun kafin a kafa makarantar Anti. Jikarsu kuwa an aiko mata da tunkiyar Ingila ta koya mata kashi uku.

Sai ɓangaren waƙa. Kafin yaro ya rubuta tasa, wai ya haddace biyu. Ta farko ita ce ta baƙar tunkiyar nan mai buhu uku na gashi, wadda aka fara bugawa a Ingila wajen 1744. Tumakinmu ba a yi musu aski. In ka bi Balami da almakashi tun safe har magariba, abin da za ka tara ba zai cika aljihu ba. Ta biyu ta Amurka ce, wadda Sarah Josepha Hale ta wallafa a 1830, a kan ɗan ragon da ya bi wata yarinya makaranta har aji ya rikice da dariya. A can abin mamaki ne har ya zama waƙa. A nan, je ka firamaren gwamnatin da ba ta da katanga da ƙarfe bakwai na safe, ka ga waɗanda suka kwana a aji uku. Yara ne ke share musu kashi kafin su zauna a ƙasa, kuma ba wanda ya yi musu ko baiti ɗaya.

Daga nan yarinyar da ba ta gama bambance "b" da "d" ba za ta tsara ɗango huɗu masu amsa-amo, taken "Tunkiyata". A ƙasar da Nana Asma'u ta koyar da mata da waƙa, inda Aliyu Namangi ya tsara Imfiraji yana makaho, yanzu magidanta ne zaune a tsakar gida da tocilan suna neman abin da zai dace da tunkiya. Na kawo rijiya, na kawo tsintsiya. Uwargida daga kicin ta ce, "Abbansu, sa kishiya." Aka rufe zaman ba a cimma matsaya ba.

Washegari zauren iyaye ya cika da hotuna. Yaro ɗan shekara biyar ya rubuto ƙwar biyar da rubutun da na tabbata na wani akanta ne. Wata ta ɗora tunkiyar kwali da aka manna wa auduga, da idanun maɓalli da wuyan leshi, ta rubuta a ƙasa, "Aikin Gimbiyata, ita kaɗai, Masha Allah." Gimbiyar tana barci tun bayan isha. Anti ta bi kowa da tafi da tauraro. Ta san wanda ya yi, mun san ta sani, a haka za a ba da maki. Mun biya kuɗin zango, na littattafai, na rigar wasanni, na bikin yaye 'yan nazare, sannan a naɗo koyarwar a leda a dawo mana da ita gida, mu sayi gam, mu sayi audugar kemis da aka ajiye don masu rauni, mu yi aikin, a yaba wa makaranta. Yaro kuma ya koyi darasi ɗaya tak, kuma ya koye shi da kyau: in abu ya yi wuya, akwai wanda zai yi maka ka sa sunanka.

Tunda ana maganar tumaki, ina da tambaya ga mutanen unguwarmu. Na wane ne garken nan da ke kwana a kan kwalta? Sun cinye zogalen masallaci, ba mai su. Sun shiga shagon mai hatsi sun buɗe buhun dawa, ba mai su. Mai unguwa ya sa an yi shela, kowa ya ce shi ko kaza ba ya kiwo. Amma bari mai a-daidaita-sahu ya taɓa ƙafar ɗaya. Kafin ya kashe inji mai ita ya iso, da ƙaninsa, da shaidu uku. Kuma ban taɓa jin an buge juya ba. Kowace tunkiyar da mota ta taɓa a garin nan tana da ciki, cikin kuma na tagwaye ne, uban kuma wani Balami ne da aka kawo daga Borno. Nan take za a yi lissafin uwa, da 'ya'yan da ba a haifa ba, da jikokin da za su haifa kafin babbar Sallah ta baɗi, da dusar da ta ci tun tana 'yar tunkiya. Direba ya biya, sannan mai ita ya sa a yanka, ya tafi da naman.

In Anti na neman tambayar jarrabawa, ga ta kyauta: direba ya biya kuɗin tumaki bakwai, bai samu ko hanta ba. Kashi nawa ya ci? Yaron da ya amsa, a ba shi riƙon asusun makarantar.