Ganuwar Zazzau da Wandon Makaranta

Magabata sun kewaye birnin Zariya da ganuwa ne don tare mahara. Yau ragowarta a wajejen Ƙofar Gayan ta samu sabon aiki: yara su hau, su sulalo a kan kwali. Wanda bai samu kwali ba, wandon makaranta ya biya, uwa ta ji a jikinta ranar wanki.

Kududdufan cikin gari ma haka. Nan aka haƙi ƙasar gina zauruka da soraye, damina ta cika ramin, ya zama wurin koyon iyo da kamun talibambam, duk da bulalar da ke jiran duk wanda ya koma gida da jan ido. Yanzu an cike wasu an dasa shaguna, sauran kuwa leda ta fi kwaɗi yawa.

Sai ƙwallo a lungu, silifas biyu ne raga. Ɗan acaɓa ya kunno kai, a tsaya. Dattijo zai wuce masallaci, a sake tsayawa, har da rusunawa. Dutsen Kufena na can yamma da gari yana kallo, amma yaron da ya haddace 'yan wasan Arsenal kaf bai taɓa taka shi ba.