Malamin Sa-kai a Garwa

Duk Bakanon da ya ɗauki jaka ya ce zai tafi birnin Garwa koyar da Turanci kyauta, a fara tambayarsa ko ya san watan Afrilu. Zafin bakin Binuwai ba ya duba takardar shaida. Kafin azahar rufin kwano ya gasa malam da ɗalibai, alli ma ya jiƙe a hannu.

Sai rikicin baki. Boko da Faransanci ake yi, yara da Fulatanci suke gulma, malam kuwa Turanci da Hausa ya kawo. Ka yi bayanin rabin awa, wata yarinya ta ɗaga hannu, ka ce alhamdulillahi, an fara ganewa. Ashe tambayarta: "Malam, da gaske ka taɓa ganin Ali Nuhu?"

Ranar da ƙungiyar ƙwallon Coton Sport ke wasa a filin Roumdé Adjia kuwa, kakannin rabin mazan ajin ne ke kwanciya rashin lafiya. Albashi babu, amma iyaye ba rowa: wannan ta aiko da gyaɗa, wancan kifi. Ɗan acaɓa kaɗai ne bai yarda da sa-kai ba. Sefa yake karɓa, kuma kullum ba shi da canji.