Ga Masu Cewa "Ni Wa Zai Bi Ni?"

Na san ku, ba sai kun ɗaga hannu ba. Ku ne da zarar an ce waya tana kai tsegumin mai ita, sai ku kwashe da dariya ku ce, "To ni wa zai bi ni? Ni ba gwamna ba, ba ɗan jarida ba, abin da ke asusuna ko kuɗin motar Zariya bai kai ba." Madalla da wannan tawali'u. Amma Malam, tunda ka ce ba ka da abin ɓoyewa, miƙa wa uwargida wayar a buɗe, ka tafi masallaci, kada ka dawo sai bayan isha'i. A'a, me ya kai hannunka aljihu? Ai ka ce babu komai.

Alhaji mai taƙama da 'yar rakani-kashi, wanda ya ce shi ba ruwansa da intanet, matso kusa. Wayarka ba ta karɓar kira sai ta sanar da eriyar da ke kusa cewa ga ta nan. Kana tafiya tana sauya eriya, kamfani yana da labari. Ba mugunta ba ce, haka abin yake aiki. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana bayanan kiraye-kiraye har shekara 2: wa ya kira wa, yaushe, minti nawa. Sannan tun Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, kai ma ka je ka sha rana aka ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Saboda haka layin nan da kake kiran "Musa Makaniki" da shi ƙarfe ɗayan dare, Musan nan mai siririyar murya, sunanka na yanka ne a jikinsa.

Ka ce gwamnati ba ta da lokacinka. Wataƙila. Sai dai tana da kuɗin kayan aiki. A ƙaramin kasafin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta ƙasa, NIA, sama da naira biliyan 4 don na'urorin sauraren WhatsApp da wayar Thuraya. A 2020 kuma masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun sa Nijeriya cikin ƙasashen da suka ce ga alama suna amfani da kayan wani kamfani mai suna Circles, wanda lambarka kaɗai ta ishe shi ya gano inda kake. Angela Merkel ma, tana shugabar gwamnatin Jamus, a 2013 ta wayi gari da labarin cewa ƙawarta Amurka tana sauraren wayarta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

To na yarda, kai ba Merkel ba ne, kuma babu wanda zai ɓata miliyoyin daloli a kan hirarka da abokan majalisa. Ai abin da ya kamata ya hana ka barci ke nan: kai da araha ake samunka, kuma da hannunka kake bayarwa. Ka sauke manhajar tocila kyauta, ta ce tana son ganin lambobin da ke wayarka da inda kake, ka danna "na yarda" ko karantawa ba ka yi ba. Tocila fa! Me ya haɗa haske da lambar surukarka? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ustazu na can gefe yana murmushi, wai shi manhajojin addini kaɗai gare shi. Allah gafarta Malam, a Nuwamban 2020 mujallar Vice ta fallasa cewa Muslim Pro, manhajar lokutan salla da alƙibla da miliyoyin Musulmi suka sauke, tana miƙa bayanan inda masu amfani da ita suke ga wani dillali mai suna X-Mode, shi kuma cikin masu saye a wurinsa har da 'yan kwangilar sojan Amurka. Kamfanin manhajar ya musanta cewa ya sayar wa soja, amma nan take ya raba gari da dillalin. Kai kana neman gabas, wani yana neman inda ka shimfiɗa darduma.

Wanda ya fi duk waɗannan ciwo shi ne na manhajojin bashi, don shi ba labarin ƙetare ba ne. Mutum ya ci bashin dubu goma cikin dare, babu jingina, babu shaida, yana ta sa musu albarka. Bai san jinginar ita ce jerin sunayen da ke wayarsa ba. Ranar biya ta wuce da kwana biyu, sai saƙo ya isa ga limamin unguwarsu da maigidansa a wurin aiki da budurwar da yake nema, cewa wane ɓarawo ne, ana cigiyarsa. Wasu har hotonsa suke haɗawa da sanarwar rasuwa, yana zaune da ransa yana shan shayi. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan waya a 2023.

Kafin ka ce kai ba ka cin bashi, tsaya. Lambarka tana cikin wayar mutum nawa? Ɗaya daga cikinsu ya danna "na yarda", kai ma ka tafi. Je ka nemi lambarka a Truecaller ka ga sunan da duniya ta san ka da shi. Kai kana jin kanka Injiniya, wani ya ajiye ka a "Sani Kar A Ɗauka". Kai ma haka ka yi da lambobin jama'a, har da ta Hajiya Babba da ba ta taɓa ganin intanet ba, kuma babu wanda ka nemi izininsa.

Wata Hajiya kuma ta ce ai WhatsApp a kulle yake, babu mai karantawa a hanya. Gaskiyarki. Amma ke da bakinki kika tura muryar gulmar kishiya a guruf mai mutum ɗari biyu, kina cewa "ya tsaya tsakaninmu". Ranar da gilashin wayar ya fashe kuma, kika ba yaro ya kai wa mai gyara haɗe da lambar buɗewa, kika ce sai jibi za ki aika a karɓo. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne, amma guda ɗaya ya isa ya raba aure.

Ban ce ku jefa wayoyinku a rijiya ba, na san ko na faɗa ba za ku yi ba. Yau da dare dai, kafin ku shiga TikTok, ku buɗe saitin waya ku duba wace manhaja ce ke da izinin kyamara da makirifo da lambobi da wurin da kuke, ku ƙwace daga duk wadda ba ta da hujja. Kai kuma Malam, lambar buɗe wayarka da ka sa shekarar haihuwarka, ɗanka na aji uku ya daɗe da saninta. Canza ta.